Me Ke Sa Muƙamuƙi Ƙara?

Wata mai sauraronmu daga Maraɗi ta ce muƙamuƙinta na ƙas-ƙas in tana tauna, da safe kuma ya yi tsami.

To malama, a gaban kunne akwai gaɓar da ta haɗa muƙamuƙin ƙasa da ƙoƙon kai, da ɗan faifan guringuntsi a tsakani. In ya goce, sai ki ji ƙarar. Muddin babu ciwo, kada ta dame ki. Tsamin safiya kuwa, galibi cizon haƙora ne cikin barci.

Ki ɗan hutar da goro, cingam da kilishi, ki riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi. In bai lafa ba, likitan haƙori na iya yi miki robar sawa da dare. Amma in bakin ya ƙi buɗuwa ko rufuwa, ki garzaya asibiti.