Gargaɗi ga Muridai Bisa Sihiri da Ƙofar Masu Mulki

Da sunan Allah nake farawa, Sarkin da mulkinsa ba ya gushewa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da mabiyansu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwana cikin ɗariƙa, Allah ya datar da ni da ku. Sababin rubuta wannan 'yar takarda, wani mutum ya zo mini da dare bayan an tashi daga zikiri, jakadan wani mai neman kujera ne. Ya cusa kuɗi ƙarƙashin buzuna, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, maigidana yana so a tara almajirai arba'in a yi masa aiki kwana bakwai, a ɗaure bakin abokin takararsa, a juyo masa zukatan jama'a." Na mayar masa da kuɗinsa, na sallame shi da kyakkyawar magana. Da gari ya waye sai na ji waɗansu daga cikinku sun karɓa. Wannan ya hana ni barci, domin haka na ɗauki alƙalami.

Fasali na farko, cikin asalin al'amarin

Ka sani, ya kai muridi, ƙawancen mai sihiri da mai mulki tsoho ne. Ka duba ƙissar Fir'auna cikin Suratul A'arafi da Ɗaha da Shu'ara'i. Da hujja ta rinjaye shi, bai nemi masu hankali ba, sai ya aika garuruwa aka tattaro masa masihirta. Su kuwa abin da suka fara tambaya shi ne lada, shi kuma ya yi musu alkawarin lada da kusanci a fada. To, ga cinikin nan duka: ɗaya yana sayen tsoro, ɗaya yana sayen kusanci. Kuma yayin da gaskiya ta bayyana gare su suka yi sujada, wanda ya yi musu alkawarin kusanci shi ne ya yi musu alkawarin yanke hannuwa da ƙafafu da tsirewa bisa itatuwan dabino. Ka riƙe wannan, domin haka ƙarshen soyayyar fada yake.

Fasali na biyu, cikin abin da ya gudana a ƙasarmu

Littafin tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe a dutsen Dala, wanda jama'a suka bi domin shi kaɗai ke shiga wurin Tsumburbura ya fito ya gaya musu abin da zai auku. Sannan Musulunci ya shigo fada zamanin Sarki Yaji. Amma ɗansa Kanajeji, wanda aka lissafa sarautarsa daga 1390 zuwa 1410, da yaƙin Zazzau ya gagare shi sai ya nemi shawarar Sarkin Tsibiri, aka ce masa ya raya abin da ubansa ya rushe. Ya raya, kuma ya ci yaƙin. Kada wannan nasara ta ruɗe ka, bayaninta na nan tafe.

Abin da ya fi wannan ban tsoro shi ne Dirki. Alƙur'ani ne aka naɗe cikin fatu, aka rufe shi ba a karantawa, ana yanka masa shanu domin sarauta ta tabbata. Da aka nemi shanu arba'in wurin Sarki Alwali sai ya ƙi, ya sa samari suka sare shi da gatura, sai ga Littafin Allah a ciki. Ya ɗan'uwa, ka yi tunani. Littafin da aka saukar domin ya hukunta sarki, shi aka mayar layar gadon sarki. Duk muridin da ya sayar da wuridinsa ga mai neman kujera, lalle ya ɗinka sabon Dirki da hannunsa.

Fasali na uku, cikin abin da ya gudana a zamanin nan

Kada ka ce wannan labarin mutanen da ne. A ƙasar Benin, Shugaba Kerekou, wanda ya karɓi mulki a 1972, ya kusantar da wani malamin tsibbu mutumin Mali, Muhammadu Amadu Sise, har ya zama babba a fada, ana tsoronsa. A 1992 kotu ta ɗaure shi shekara 10 bisa kwashe dukiyar ƙasa. A ƙasar Bama, Janar Ne Win ya yi imani da sa'ar lamba 9, sai a 1987 ya soke waɗansu takardun kuɗi, ya fito da na 45 da na 90. Ajiyar talakawa ta zama takardar banza, aka yi bore a 1988, ya sauka. A Gambiya, a 2009, zamanin Yahya Jammeh, an kama ƙauyawa masu yawa bisa zargin maita, aka tilasta musu shan wani jiƙo, waɗansu suka mutu. A farkon 2017 shi ma ya bar ƙasar. A Nijeriya kuma, a 2004, 'yan sanda sun shiga wurin tsafin Okija cikin jihar Anambara, suka tarar da gawawwaki da ƙoƙunan kai, aka yi ta maganar 'yan siyasa masu zuwa can rantsuwa.

Fasali na huɗu, cikin igiyoyin da ke ɗaure su

Na duba, na ga igiyoyi uku ne. Ta farko tsoro: mai mulkin da bai yi adalci ba ba ya amincewa kowa, har ɗansa, sai ya nemi wanda zai leƙa masa gaibu. Ta biyu kwarjini: yana so a ce ƙarfe ba ya cinsa, domin talaka ya ji tsoro tun kafin a ɗaga masa sanda. Ta uku rantsuwa: inda amana ta mutu tsakanin abokan mulki, sai su ɗaure juna da jini da tsafi. Dukansu uku suna tsirowa ne inda adalci ya yi ƙaranci. Shi ya sa da Shehu Magili ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, abin da ya bar masa shi ne risala kan wajiban sarki: binciken ma'aikata, sauraron mai ƙara, da tsare dukiyar jama'a.

Fasali na biyar, cikin rarrabe karama da sihiri da istidraji

In ka ce, "Ai mu sunayen Allah muke ja, ba tsafi muke yi ba," sai in ce maka: ana auna aiki da nufinsa da abin da ya haifar. Karama kyauta ce daga Allah ga bawa mai istiƙama, ba ya nemanta, ba ya sa mata farashi, in ta bayyana kunya take ba shi. Sihiri sana'a ce, ana koyonta, ana cinikinta, ana cutarwa da ita. Istidraji kuwa shi ne a sake wa mai saɓo igiya, buƙatarsa ta riƙa biya, yana tsammanin yarda ce alhali talala ce. Kan wannan ma'auni nake ɗora nasarar Kanajeji, da ta duk wanda aka yi wa aiki ya ci.

Ka dubi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yarda da shi. A Magami, wajen 1788, ranar Babbar Salla, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai ya yi musu kyauta, ya ba Shehu zinariya misƙali 500. Shehu bai karɓa ba. Ya roƙi abu biyar maimakonta: a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah, kada a hana mai amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki 'yan kurkuku, a sassauta wa talakawa haraji. Ka ga, ya shiga fada ya fito da haƙƙin mutane, aljihunsa babu kome. Wannan ita ce hanyar magabatanmu.

Cikawa

Ina yi muku wasiyya da abu huɗu. Wanda ya karɓi kuɗin nan ya mayar, ya yi wanka, ya tuba, in ya riga ya ci ya yi niyyar biya. Kada ka ja wani suna ko ka rubuta wani hatimi da nufin cutar da wani, ko da azzalumi ne. Ka kai ƙararsa ga Allah, ka faɗi gaskiya inda za ka iya. In mai mulki ya nemi addu'arka, ka roƙa masa shiriya da adalci da tausayin talakawa, a fili, ba da ciniki ba. Kuma in talauci ya matsa ka, ka zo mu raba abin da ke akwai, domin yunwar kwana ɗaya ta fi sauƙi bisa tsayuwar hisabi da haƙƙin jama'ar gari guda a wuyanka.

Ni kaina ban kuɓutar da raina ba. Da kuɗin nan ke ƙarƙashin buzuna, na tuna rufin ɗakina da ke yoyo, kuma hannuna ya yi nauyi kafin in miƙa su. Ku sa ni cikin addu'arku kamar yadda nake sa ku.

Ya Allah, ka tsare wuridinmu daga ciniki, ka tsare zukatanmu daga kwaɗayi, ka shiryi shugabanninmu, ka cika mu da imani. Amin. Allah shi ne mafi sani.

Ta cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa.