Darasi: Halal Ne, Amma Bai Karɓi Jikin Yaro Ba

Ya 'yan'uwa Musulmi, ku sani ba kowane abincin halal yake karɓar kowane jiki ba. A ƙasar Dambatta da Bichi, inda gyaɗa da nono suke cimar kullum, akan sami yaron da in ya ci ƙuliƙuli ko ya sha fura da nono, sai borin jini ya feso masa, leɓɓansa su kumbura. Dalili kuwa, garkuwar jikinsa ce ta ɗauki abincin a matsayin abokin gaba. Ba maita ba ce, ba tsirfa ba ce.

Irin wannan yaro yakan sha gori wajen sa'o'insa, har ya ƙaurace wa akushin taro. Alhali kuwa an kawo wa Annabi (SAW) naman damo ya janye hannunsa, Halidu ɗan Walidu ya ci a gabansa. Ashe barin halal ba butulci ba ne. Hadisi na 32 cikin Arba'una kuma ya hana cutarwa.

Saboda haka kada a tilasta masa. Mai kai ɗansa almajiranci ya sanar da malam. In numfashi ya sarƙe, a garzaya asibiti nan take.

Allah Ya kiyaye mana zuriya.