Darasi: Shirin Zuwa Intabiyu

'Yan'uwa, shekara 3 Daniyel ya yi yana koyo kafin Sarki Nebukadnezzar ya yi masa tambayoyi. To, yaronku da aka kira intabiyun aikin malamin gona a Kaduna fa?

Ya sauka tashar Kawo tun ana gobe, ya kwana wurin dangi, gama motar asuba ba ta da alkawari. Ya riƙe takardun makaranta na asali da wasiƙar fasto.

Amma takarda ba za ta amsa masa tambaya ba. Hekta eka nawa ce? Wajen 2 da rabi. Buhun taki kilo nawa? 50. Tazarar kunyar masara? Santimita 75. Shugabannin ƙungiya, ku zaunar da shi ku yi masa waɗannan tukuna, har bakinsa ya saba. Abin da bai sani ba kuwa, kada ya ƙaga, ya ce, "Ranka ya daɗe, ban sani ba."