Babur Mai Caji Ya Rage Gudu? Kafin a Yanke Waya, a Duba Waɗannan

Ɗan ƙanena ya same ni a zaure da hantsi, yana tura babur ɗin caji da mahaifinsa ya sayo daga Maraɗi bara. Bayan gaisuwa ya ce, "Baba, ku taimaka mini da jika biyar. An ce akwai mai gyara a Madawa da ke yanke wata waya, sai babur ya riƙa gudu kamar na esansi." Na tambaye shi nawa yake yi yanzu. Bai sani ba. Abin da ya sani shi ne abokansa masu babur ɗin esansi Kasea suna wuce shi su bar masa ƙura.

Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023, ruwa-ruwan da muke saye a kwalba bakin hanya ya daina araha, mutane suka fara waiwayar baburan nan na China marasa ƙara. Har yanzu ɗai-ɗai ake ganin su a Sabon Gida da kewayen Madawa, amma kukan masu su iri ɗaya ne: ba ya gudu, ko kuwa da yana gudu ya daina. Abin da na lura shi ne, yawancin gudun da ake nema a saya da kuɗi yana nan jikin babur, sakaci ne ya ɓoye shi.

1. A fara auna gudun. Agogon da ke kan baburan nan ya iya zuga mai shi, sau da yawa yana nuna fiye da gaskiya. A sa manhajar taswira ta wayar hannu, a hau kwalta shimfiɗaɗɗiya da cikakken caji, mutum ɗaya ba kaya, a je a dawo don kada iska ta yi ruɗi. A rubuta abin da aka samu. In ba haka ba, duk gyaran da aka yi sai a ce ya yi, don kawai an biya.

2. Iskar taya. Wannan ita ce ta fi kowace araha, ita kuma aka fi mantawa da ita. Taya mai laushi tana shimfiɗewa a ƙasa kamar taushe, injin ya yi ta fama, batir ya yi ta zuba. A gefen tayar an rubuta iyakar iskar da take ɗauka. Ga irin waɗannan babura yawanci bar 2 zuwa 2 da rabi ne. A auna da safe kafin rana ta gasa kwalta, kuma da ma'auni. Matsawa da babban yatsa da mai faci ke yi ba awo ba ne. Ƙasarmu ta ƙaya ce, ga ta aduwa ga ta bagaruwa ga tsidau, kuma ƙaramar huda tana iya yin mako tana sace iska ba a sani ba. Saboda haka kowace Juma'a a duba.

3. A kafa babur kan jakinsa na tsakiya, a juya kowace ƙafa da hannu. Ta gaba ya kamata ta yi ta juyi ita kaɗai. Ta baya ta fi nauyi domin injin yana cikinta, amma bai kamata a ji gurza ba. In aka ji "shuu, shuu", birki ne ke shafa, ko ƙurar hunturu ta cika gangar birkin, ko boris ya bushe. Wata dabara: bayan tafiyar da ba a yawaita kama birki ba, a kai hannu kusa da gangar. In ta yi zafi, to kana tafe ne da birki a kame.

4. Batir, nan ne gizo ke saƙa. Gudun injin lantarki yana bin ƙarfin wutar da ke isa gare shi, wato bolt ɗin nan da ake rubutawa 48V ko 60V ko 72V. Yawancin baburan da ke zuwa mana batiran dalma ne a cikinsu, kowane ɗaya bolt 12, an jera su kamar raƙuman azalai: huɗu su ba da 48, biyar 60, shida 72. Ayari kuwa ba ya wuce saurin gurgun raƙuminsa. Batir ɗaya ya raunana, sauran duka sun zama banza. Alamarsa sananniya ce: da safe agogo ya nuna cike, kana murɗa hannu sai layukan su zube, ka saki su dawo.

Kada a yarda mai gyara ya ce a sake duka kafin ya auna kowanne shi kaɗai da mita. Lafiyayyen batir da ya cika ya huta yana nuna kusan bolt 13. Amma awon da ke tona asiri shi ne wanda ake yi lokacin da injin ke ja, domin mataccen batir yana iya nuna lamba mai kyau yana kwance. Wanda ya faɗi ƙasa da ƴan'uwansa da rabin bolt ko fiye, shi ne ɓarawon. In batiran ba su daɗe ba, a sauya shi kaɗai da irinsa. In sun haura shekara da rabi suna aiki, sabo ɗaya cikin tsofaffi ba ya daɗewa, gara a haƙura a tara kuɗin jeri guda.

Wajen saye kuma a ɗaga a ji. Batirin dalma mai 20Ah yana kai kilo 6 zuwa 7. Wanda ka ɗaga ka ji shi sakayau, an rage masa dalma, komai kyan takardar da aka liƙa masa. Araha ba ta ado.

5. Yadda ake caji, ko sharji kamar yadda muke cewa nan. Batirin dalma ya ƙi jinin kwana da yunwa. In aka bar shi a ƙare kwana biyu ko uku, wani farin gishiri yana daskarewa kan farantan cikinsa, kuma abin da gishirin ya rufe ya tafi ke nan. A sa caji duk ranar da aka yi tafiya, kada a jira sai ya mutu a hanya.

Na san wannan ya fi sauƙi a baki. Wutar yankinmu mai yawa daga Najeriya take zuwa, kowa kuma ya tuna yadda aka yanke ta a watan Agustan 2023, ba ta dawo ba sai Maris na 2024. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, da aka buɗe a 2018, tana taimakawa da rana ne kawai. Gidan da ke da faifan sola ya yi wannan lissafi: jeri mai 60V da 20Ah yana ɗaukar wat 1,200 na awa guda, wato faifai mai wat 300 zai kusan yini yana cika shi in ya ƙare sarai, in ma an share masa ƙura. Ƙaramin faifan cajin waya da kunna fitila ba zai iya ba. Janareton da muryarsa ke hawa da sauka kuwa yana kashe caja.

Sai zafi. Batirin dalma ya fi son yanayi mai digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 10 a kan haka yana cinye kusan rabin kwanansa. Mu da watan Afrilu da Mayu ke kai mu sama da 40, sai mu taimaki kanmu: a ajiye babur a inuwa, a bar shi ya huce rabin awa bayan tafiya kafin a jona, a cire in fitilar caja ta koma kore. Awa 6 zuwa 8 ta isa. Wanda ake bari tun magariba har hantsi shi ne ke kumbura kamar fanke. Kowane babur da cajarsa. Cajar 60V a kan babur mai 48V dafa batir take yi.

Uwargida, wannan naki ne: kada ki yarda a yi caji a ɗakin da yara ke kwana, ko jikin zana, ko kusa da rumbu da rudun albasa.

6. Kaya. Babban buhun albasar Galmi ya haura kilo 100. Ɗora shi a bayan babur ɗin da aka ƙera don kai ɗaliba makaranta a birnin China, sannan a ce ba ya gudu, zalunci ne. Wannan aikin amalanke ne. A kuma buɗe ƙarƙashin kujera a fid da tarkacen da aka manta.

Iska ma kaya ce. In ka ninka gudu sau biyu, turjiyar iska tana ninkuwa sau huɗu. Babbar riga da aka sake ta buɗe tana tare iska kamar tabarmar da aka shanya, musamman in ka fuskanci gabas da arewa lokacin hunturu. A naɗe ta a zauna kanta. Dogon hijabi ma a tattare shi, wannan kam ba don gudu kaɗai ba, don kada ƙafar baya ta kama shi.

7. Ƙananan abubuwa uku da ke ba mutane kunya a gaban mai gyara. Akwai maɓalli kusa da hannun dama mai 1, 2, 3. Na ga wanda ya yi wata biyu a kan 1 bai sani ba. Akwai ɗan makunni a hannun birki da ke yanke wutar injin in an kama. In ƙura ta maƙale shi, babur zai riƙa yankewa. Sannan bakin wayoyin batir: wanda ya yi kore ko ya saki yana zafi, wutar da za ta tafi ƙafa ta ƙare a nan. A kashe makunnin da ke ƙarƙashin kujera kafin a taɓa, a goge, a ɗaure. Kada sifana ta haɗa kawuna biyu na batir, tartsatsinsa yana narka ƙarfe.

8. Wanda ke hawa Buza ko Keita ya san duwatsun Adar. A tudu injin da ke cikin ƙafa ba shi da giyar da zai sauka, sai dai ya sha wuta ya yi zafi, kuma zafi mai tsanani yana raunana maganaɗisun cikinsa har abada. Babur ɗin da aka taɓa gasawa haka ba ya komawa yadda yake. A ɗauko tudu da ɗan gudu tun daga ƙasa. In ya fara nishi, na baya ya sauka ya taka. Haka rairayi mai zurfi. Da damina kuma, in koramar Majiya ko ta Tarka ta kawo, ruwan da ya kai cibiyar ƙafa ba na shiga ba ne.

9. Yanzu ga maganar waya. Gaskiya ne akwai ta. A China doka ta 2019 ta ƙayyade wa keken lantarki kilomita 25 a awa, Turai ma 25 ɗin ce, har a Faransa tarar wanda aka kama da ɗan babur ɗin tsaye da ya wuce haka tana kai yuro 1,500. Don haka masana'antu ke sa takunkumi a akwatin da ke raba wuta, wanda masu gyara ke kira kontirola. A wasu, waya ce guda da ake zarewa. A wasu, a cikin kwakwalwar akwatin yake. Amma da yawa daga manyan da ake kawo mana an riga an sake su tun daga can, babu abin yankewa. Mai gyara zai karɓi jikkunanka, ya yanke wata waya, ka tafi kana jin kamar an ƙara.

Wanda ya fi haɗari shi ne ƙara batir na biyar a kan babur mai huɗu. Gudu zai ƙaru kam, kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Sai dai kayan cikin kontirolar 48V yawanci bolt 63 ne iyakarsu, jeri mai batir biyar kuwa yana haura 70 lokacin caji, yana fita daga caji ma yana sama da 63. Ko ta fashe ran nan, ko bayan mako. Wanda ya nace, sai ya sauya kontirola da caja gaba ɗaya, ya kuma san cewa injin zai ƙara zafi, garantin mai shago ya faɗi. Ni dai ban ba ɗan ƙanena shawarar haka ba.

10. In akwai kuɗin kashewa, batirin litiyom ne wurin sa su. Nauyinsa kusan sulusin na dalma ne, ka ga an sauke wa babur kilo 20 ke nan, kuma yana riƙe ƙarfinsa har kusan ƙarshen caji, ba kamar na dalma da ke sanyi tun rabin hanya ba. A nemi wanda aka rubuta wa LiFePO4, ya fi jure zafi, mai bolt daidai da na babur, da allon kariya a cikinsa da cajarsa ta kansa. Wanda aka harhaɗa a kasuwa daga tsofaffin batiran kwamfuta aka naɗe da salatif, a bar wa mai shi. Wutar litiyom in ta tashi, bokitin ruwa ɗaya ba ya kashe ta.

11. Kafin a ƙara ko kilomita ɗaya, a tambayi birki. Mai gudun 25 yana cin mita 7 a daƙiƙa guda, mai 45 yana cin 12 da rabi, tun kafin hannunsa ya kai birki. Bayan ya kama kuma, nisan tsayawarsa ya ninka na farko fiye da sau uku. Ga ƙananan tayoyi, ga ramuka, ga manyan motocin albasa a kan hanyar Ƙonni zuwa Maraɗi, ga awaki. Babur ɗin kuma ba shi da ƙara, yaro da jaki ba sa jin zuwansa, sai an yi oda. Ribar fa? Tafiyar kilomita 10 a gudun 30 minti 20 ce, a gudun 40 minti 15. Minti biyar ke nan, ko shayin farko bai nuna ba. Hular kwano ta fi kwanciya a gadon asibitin Galmi araha.

Na ɗan ƙanena, da muka duba, tayar baya rabin iskarta ce ta rage, birkin baya na shafa, batir na uku kuma ya kumbura. Jika biyar ɗin dai na ba shi, muka ƙara a kan kuɗin batir. Har yanzu masu Kasea suna wuce shi, sai dai ran kasuwar Madawa su ne ke tsayawa wurin mai kwalba.