Ranar da Iyaye Suka Zo Ɗaukar Ka

Ɗana, duk wanda ya zauna a Accra ko Kumasi ya san samarin nan masu farar riga da ɗan baƙin allon suna a ƙirji, waɗanda ke yawo bibbiyu cikin rana suna ƙwanƙwasa ƙofofin mutane. Ƴan cocin Mormon ne, wadda hedikwatarta ke Salt Lake City a jihar Utah ta Amurka, kuma ta yi ƙarfi a yankinmu har ta buɗe babban ɗakin ibada a Accra a 2004, wani kuma a Aba a 2005. Aƙidarsu daban, tamu daban, wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Amma akwai wani abu a al'adarsu da nake so ka duba tare da ni, domin ya shafe ka, kai da ke karatu nesa da gida.

Saurayi a cikinsu yakan yi shekara 2 yana aikin wa'azi, budurwa kuma wata 18, kuma tun 2012 yaro ɗan shekara 18 yana iya tafiya. Ba shi ke zaɓen ƙasar da za a tura shi ba, ba a biyan sa albashi, galibi ma shi da iyayensa ne ke ɗaukar nauyin zaman. Kafin 2019 sau biyu kacal a shekara ake barin sa ya kira gida a waya, ranar Kirsimeti da ranar iyaye mata, saboda haka ka ƙiyasta irin kewar da ke taruwa a zuciyar uwa. Idan sun gama, yawancin masu wa'azin su kaɗai suke komawa gida, a tarye su a filin jirgi. Wasu iyayen kuwa haƙurinsu ba ya kaiwa nan, sai su tara kuɗi, su nemi biza, su yi allurar shawara, su taho da ƙafarsu su ɗauko ɗansu.

To a nan ne abin yake, ɗana. Uwa ta sauka tana neman yaron da ta raka, sai ta tarar da wani mutum ramamme da rana ta dafa, yana gaisawa da masu kasuwa da yaren Twi, yana sa hannu cikin kwanon tuwon banku ba tare da ya nemi cokali ba. Har yanzu yana tashi ƙarfe 6:30, har yanzu allon na ƙirjinsa, domin a ƙa'idarsu ba a sauke masa nauyin aikin sai ya isa gida shugaban yankinsu ya sallame shi. Wata tsohuwa da ta yi jinyarsa lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi tana kuka tana kiran sa ɗanta, ita kuwa wadda ta haife shi tana tsaye a gefe, ba ta jin ko kalma ɗaya. Uban kuma ya dage sai ya yi cinikin tasi da kansa, alhali ɗan ya san kuɗin motar haya har zuwa kwabon ƙarshe.

Kai ma wata rana iyayenka za su zo maka, a Azhar kake ko a Madina, ko nan kusa a wata makaranta da aka kai ka tun kana ƙarami. Don Allah idan ranar ta zo, kada ka nuna musu ka fi su sanin gari, ko da ka fi su. Idan mahaifinka ya biya kuɗin mota fiye da kima, ka bar shi, domin ya daɗe bai yi maka komai da hannunsa ba, kuma wannan ɗan kuɗin shi ne abin da ya samu ya yi. Idan mahaifiyarka ta kama fuskarka a gaban abokanka tana cewa ka rame, ka sunkuyar da kai ka ce, "Na samu sauƙi, Inna." Ka kai ta wurin duk wanda ya taɓa ba ka abinci ko ya sayo maka magani, ka tsaya tsakaninsu ka yi tafinta a hankali, kada ka gajarta mata godiyarta don kana sauri, saboda wannan godiya ita ce rabin abin da ya taso ta daga gida.

Za su hanzarta ka, na sani. Su tikitin jirgi suke kallo, kai kuwa kana barin mutanen da suka zama danginka, kuma babu laifi idan zuciyarka ta rabu biyu. Saboda haka ka gama bankwana mai nauyi tun kafin su sauka, ka nemi gafarar malamanka da abokan ɗakinka, ka mayar da littattafan aro, ka biya mai shagon da ke ba ka bashi. Idan ka bari mahaifinka ya ji maganar bashin nan daga bakin wani, zai zaro kuɗi ya biya bai ce maka uffan ba, amma duk tsawon hanya yana lissafin watannin da kake ce masa lafiya lau alhali kana cikin matsi.