Me Ya Sa Sama Take Sauya Launi?

Jama'a, ku sani iskar da ke bisa kanmu ba ta da launi nata na kanta. Hasken rana ne yake rina ta.

Hasken nan da muke gani fari, launuka ne a haɗe, su ne bakan gizo yake baje mana da damina. In ya shigo cikin iska sai ya yi ta karo da ƙwayoyinta, waɗanda don ƙanƙanta ko madubin likita ba ya nuna su. Ƙwayoyin nan sukan watsa shuɗi ta ko'ina, wajen ninki biyar fiye da ja, ja kuwa ya wuce abinsa. Don haka duk inda ka ɗaga kai, shuɗin da ya watsu ne ke faɗo maka a ido. Wani masani a Ingila, Lord Rayleigh, shi ya fitar da lissafin wannan a 1871.

Mai shakka ya gwada da kansa. Ya cika kofin gilashi da ruwa, ya ɗiga madara kaɗan, ya haska tocila ta gefe a ɗaki mai duhu. Ruwan zai yi shuɗi-shuɗi, amma in ya leƙo ta inda hasken ke fita, zai gan shi ja-ja.

Abin da ke faruwa da almuru ke nan. Rana ta yi ƙasa, haskenta yana ratsa iskar da ta fi ta tsakar rana yawa fiye da sau talatin. Kafin ya iso, shuɗin ya zube a hanya, saura ja. Jan shafaƙin da ake jira ya ɓace kafin a kira sallar lisha, asalinsa ke nan.

To, hunturu fa? Nan ƙura ce, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki. Ƙwayar ƙura ta fi ta iska girma nesa ba kusa ba, ba ta kuwa zaɓen launi, duka take watsawa. Sai sama ta yi fari fat, hazo ya rufe gari, rana ta dushe ta koma kamar faifai, wani lokaci har jirage su kasa sauka.

A ja wa yara kunne: duk da dushewar nan, kada su ƙura wa rana ido, tana iya lahanta shi.