Amsoshin Tambayoyinku: Shin Harshen Quechua Ya Mutu?

Tambaya: Na ji an ce Quechua harshen daular Inka ne. Ya bi daular kabari ne, ko akwai masu yin sa har yanzu? Daga wani mai karatu a Damagaram.

Amsa: Malam, yana nan da ransa. Mutum miliyan 8 zuwa 10 ke magana da shi a tsaunukan Andes na Kudancin Amurka, galibi a Peru da Bolibiya da Ekwado, da ƴan tsiraru a Kolombiya da Ajantina. Karin wasu yankunan ya yi nisa da na wasu, har fahimtar juna kan yi wuya.

Kuma ba Inkawa suka fara shi ba. Tarar da shi suka yi, suka mai da shi harshen mulki daga birninsu na Cusco. Bayan Sifaniyawa sun kama Sarkin Inka Atahualpa a 1532, limaman coci suka ga sai da wannan harshe za su isa ga talakawa. Ɗaya daga cikinsu, Domingo de Santo Tomás, ya wallafa nahawunsa a 1560, wa'azi kuma ya ƙara yaɗa shi. Tsangwama ta tsananta ne bayan tawayen da Túpac Amaru na biyu ya yi wa Sifaniyawa a 1780.

Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya yau shi ne raini. Manomin dankali ya sauko daga tsauni ya shiga Lima, babban birnin Peru, a asibiti ko kotu da Sifaniyanci ake saurarensa, a kuma yi wa lafazinsa dariya. Shi ya sa iyaye da yawa suka daina yi wa ƴaƴansu harshen, gudun kada yaran su sha wulaƙancin da su suka sha. Ni ban ga laifin iyayen ba. Abin ma bai tsaya a raini ba: hukumar binciken gaskiya ta Peru ta gano a 2003 cewa cikin kowane mutum huɗu da aka kashe a rikicin cikin gida na ƙasar daga 1980 zuwa 2000, uku masu jin Quechua ne ko wani harshen asali. Abin akwai ciwo.

Duk da haka ana motsi. Peru ta ba shi matsayin harshen hukuma a 1975, tsarin mulkin Bolibiya ya yi haka a 2009, talabijin ɗin gwamnatin Peru kuma ya fara labarai da shi a 2016. A ƙidayar 2017, mutum kusan miliyan 3.8 a Peru suka ce da Quechua suka buɗe baki.